Keken kawu mai giya shida da ya koma bakwai ba wanda ya sani

Keken tsoho ne, irin na tseren nan mai siririyar taya da kai a lanƙwashe kamar ƙahon rago, firam ɗinsa ƙarfe ne zalla. Kawu ya daɗe da jingine shi, sai da aka ce masa ya riƙa motsa jiki sannan ya tuna da shi, ya goge ƙura ya ba taya iska ya hau, bai yi nisa ba ya dawo yana tsaki. Ya kira ni ya ce kai ɗana zo ka duba min giyar nan, da can ɗas-ɗas take shiga yanzu kuma sai surutu. Na ce to kawu ba komai ai saiti ne kawai, minti goma na gama. Wallahi minti goman nan sai da ya ci min kwana huɗu, kuma rabin wahalar ni na jawo wa kaina.

Ga yadda matsalar take. Liba biyu ne a jikin bututun firam da ya gangaro daga wuyan keke zuwa wajen feda, ta dama ita ke canja giyar baya, ta hagu ta gaba. Ta daman in ka ja tana yin ƙas ƙas, kowane ƙas giya ɗaya kenan. A ƙananan fayafayan haƙora na baya, na farko da na biyu har na uku, lafiya lau sarƙa take hawa. Daga na huɗu sai kar-kar-kar ya fara, a na biyar sarƙar ta riƙa ƙoƙarin haurawa ita kaɗai ba wanda ya taɓa liba, babban faifan na can kusa da sifok kuwa ko da wasa ba ta zama a kai, ta hau ta faɗo ta hau ta faɗo. A giyar gaba kuma sarƙar tana gogar kejin ƙarfen da ke tura ta amma wannan bai dame ni ba sosai.

Shirmen da na tafka a daren farko shi ne ban tsaya na kalli komai ba na ɗauko sukudireba. Direlar baya, wato ƙarfen nan da ke reto a gefen taya mai ƴan wili biyu da sarƙa ke bi ta cikinsu, tana da ƙananan sukuru biyu an rubuta H a jikin ɗaya L a jikin ɗaya. Na ce tunda ba ta kai wa babban faifai to L ne ya tare ta, na kwance shi zagaye biyu. Ba ta canja ba. Na ƙara ɗaya. Na koma kan ɗan notin saiti da waya ke shiga ta cikinsa a bayan direla na yi ta kwance shi don wayar ta ƙara tauri, aikuwa sai ta fara kama babban, amma yanzu ƙaramin ne ta ƙi saukowa kansa, tsakiya ma ta rikice gaba ɗaya. Ina cikin juya feda da hannu na ja liba da ƙarfi, sarƙa ta tsallake babban faifan ta faɗa tsakaninsa da sifok ta maƙale gam. Allah ya taimake ni keken a rataye yake ba a kai nake ba, da a guje ne da sifok sun tsinke, wataƙila ma direlar ta naɗe cikin wili. Duk da haka sai da ta kankare sifok uku, na fi rabin awa ina lallaɓa ta kafin ta fito. Gyaran gangar Auzinawa sak.

Abin da ban gane ba a lokacin, ko in ce na sani amma gaggawa ta mantar da ni, sukurun H da L ba su da ruwa da yadda giya ke shiga a tsakiya. Katanga ce kawai, H yana hana direla wuce ƙaramin faifai ta jefa sarƙa tsakaninsa da firam, L yana hana ta wuce babban ta shiga sifok. Ni kuma na je na rushe katangar da ke kare wili saboda laifin da ba nata ba, an bar jaki ana dukan taiki.

Washegari na ajiye sukudireba na ɗauko tsumma da kananzir da fitilar waya na ce bari in fara sanin me ma nake gyarawa tukunna. Da na goge baƙin man da ya daskare a bayan direlar sai ga rubutu ya fito, Shimano, RD-1050, wato samfurin kamfanin Shimano ne da suke kira 105, kuma kusa da shi akwai wasu haruffa biyu ƙanana, LD. Shimano suna buga irin haruffan nan a kayansu, na farko shekara na biyu wata, A ta tsaya a 1976 sai ka yi ta ƙirgawa, L ta faɗo a 1987 kenan, D kuma wata na huɗu. To wannan ya gaya min abu mai amfani, kayan na farkon zamanin giya mai ƙas-ƙas ne. Kafin nan yawanci liba ba ta da ƙas, ja kawai kake yi kana sauraro da kunne har sarƙa ta zauna, sai a 1984 Shimano suka fito da tsarin ƙas-ƙas da suke kira SIS a kan babban samfurinsu Dura-Ace, daga baya ya gangaro zuwa su 105. Shekarar ma ba banza ta zo ba, a 1984 ɗin ne haƙƙin mallakar da kamfanin SunTour ya riƙe tun 1964 na direla mai tafiya a karkace ya ƙare, kowa ya samu damar yin irinta, ita ce take bin gangaren fayafayai tana riƙe ɗan wilin sama kusa da haƙora, ba don ita ba da ƙas-ƙas ɗin nan bai yi aiki da kyau ba.

Sai na koma kan liba. Na saki wayar gaba ɗaya na ja libar a hankali ina ƙirga ƙas, ɗaya biyu uku huɗu biyar, ta tsaya. Ƙas biyar mazauni shida kenan, liba ce ta giya shida, an ma rubuta 6S a jikinta da ban lura ba. Na tsuguna na ƙirga fayafayan baya da yatsa. Bakwai. Na sake ƙirgawa don ban yarda da kaina ba, bakwai dai, ƙaramin haƙora 14 babban 28.

Na leƙa na ce kawu wai an taɓa canja maka wilin baya ne? Ya yi shiru kaɗan sai ya ce af, ƙwarai kuwa, shekarun baya na faɗa rami rim ya lotse aka sa min wani, daga nan ma ban ƙara hawansa sosai ba. Na ce to ai shi ne, ya ce shi ne me, wili ai wili ne. Ban ga laifinsa ba don da ido ba ka gane bambancin, firam ɗin faɗin bakinsa na baya milimita 126 ne na auna, kuma wannan faɗin yana ɗaukar mai shida yana ɗaukar mai bakwai, wili ya shiga daidai ba gardama, wanda ya sa masa ma ƙila cewa ya yi ya ƙara masa giya ɗaya kyauta.

Lissafin kuwa ga shi, kuma shi ya fi burge ni a duk aikin nan don ya bayyana kowane surutu da keken ke yi. A tsarin Shimano tazarar da ke tsakanin faifai da faifai a mai shida milimita 5.5 ce, a mai bakwai kuma 5.0. Libar ba ta san an canja komai ba, duk ƙas ɗaya tana jan wayar da za ta matsar da direla 5.5. To ƙas na farko ta zarce da rabin milimita, ba ka ji. Na biyu milimita ɗaya, har yanzu da sauƙi don ɗan wilin sama an yi shi da ɗan wasa gefe da gefe yana shanye kuskure kaɗan. Na uku 1.5, nan kar-kar ɗin ya fara, a faifai na huɗu kenan daidai inda na ji shi. Na huɗu milimita 2, sarƙa ta fara shafar maƙwabcin faifai tana son hawa. Na biyar direla ta yi tafiyar 27.5, alhali faifai na shida yana 25 na bakwai yana 30, wato ta tsaya a tsakiyarsu cif, ba ta nan ba ta can. Ka ga ba sukurun da zai gyara wannan, in ka saita sama ƙasa ta lalace in ka saita ƙasa sama ta lalace, abin da na kwana ina yi kenan.

Tunda na riga na tsuguna na ce bari in ƙarasa binciken. Na so in san fayafayan nan firiwil ne ko kaset, wato iri biyu na yadda ake ɗaura su a wili, don maballin cire su ba ɗaya ba ne. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ka cire wili ka juya fayafayan baya kana kallon gurbin da maballi ke shiga a tsakiya, in gurbin yana juyawa tare da su kaset ne, in ya tsaya cak su kaɗai ke juyawa firiwil ne mai zare da ake murɗawa a jikin hob, wato cibiyar wili. Na kawu ya tsaya, firiwil ne.

Sai abu na biyu da na gano, wanda shi ma yana da hannu a faɗawar sarƙa cikin sifok. Na tsaya a bayan keke na rufe ido ɗaya na kalli ƴan wilin direla biyu, ya kamata su miƙe tsaye a ƙarƙashin faifan da sarƙa ke kai, na sama da na ƙasa layi ɗaya, amma na ƙasan ya karkata ciki wajen taya. Ɗan kunnen firam da ake ɗaura direla a jiki ne ya lanƙwashe, keke in ya faɗi ta gefen dama nan ne ke shan bugu, kuma keken da ya shekara a jingine waye ya san sau nawa ya faɗi. Akwai ƙarfe na musamman na miƙe shi, ba ni da shi, amma zaren ramin kunnen 10 da 1 ne na milimita, iri ɗaya da zaren aksil, wato ƙarfen tsakiya da wili ke juyawa a kansa, na yawancin wilin baya. Sai na cire direla na ɗauko wilin bayan kekena na zare sandar da ke ɗaure shi na murɗa bakin aksil ɗinsa cikin ramin, wili biyu suka tsaya gefe da gefe, na auna tazarar da ke tsakanin rim da rim sama da ƙasa, gaba da baya. Sama ya fi buɗewa sosai. Na kama wilin da hannu biyu na danna a hankali, in auna in ƙara, sau huɗu ko biyar har tazarar ta zo kusan ɗaya ko ina. Wannan don firam ɗin ƙarfe ne fa, yana jure a lanƙwasa a miƙe, alminiyom in ka matsa masa tsagewa yake, kar wani ya ce ni na koya masa.

Waya ma ba ta tsira ba. Ta cikin ta yi tsatsa a inda take bi ta ƙarƙashin mazaunin feda, ƙasa ta cika ɗan hanyar da take zamewa a kai, sannan guntun rigar wayar da ya lanƙwaso zuwa direla na birki ne aka yanko aka sa. Rigar birki ƙarfen cikinta a nannaɗe yake kamar sifirin, in aka ja waya tana ɗan matsewa, birki bai damu ba amma giya mai ƙas-ƙas da ke rigima a kan rabin milimita ta damu. Ta giya siraran wayoyi ne a miƙe a jere cikinta, ba ta matsewa. Akasin haka shi ne ma mai haɗari, rigar giya a birki tana iya fashewa lokacin da ka fi buƙatar tsayawa. Na sa sabuwar waya siririya ta giya, milimita 1.2, da riga irin tata, na wanke hanyar ƙarƙashi na ɗan shafa giris. Sarƙa kuma na ɗora rula, sabuwa daga tsakiyar fil, wato ɗan ƙusar da ke haɗa gaɓoɓinta, zuwa tsakiyar wani fil inci 12 cif take bayarwa, in ta zarce da kashi ɗaya cikin 16 na inci ta isa canji, wannan ta ɗan wuce hakan, na canja ta, da ma sarƙar shida da bakwai da takwas duk ɗaya ake sa musu. Tsawonta na naɗa ta a babban gaba da babban baya ba tare da ta bi cikin direla ba na ƙara inci ɗaya na yanke.

Yanzu ne aka zo kan sukurun da na fara da su, kuma a wannan karon waya a sake take ban ɗaura ba. Sifirin ɗin direla da kansa yake jan ta waje zuwa ƙaramin faifai, to na juya H har ɗan wilin sama ya tsaya daidai ƙarƙashin mai haƙora 14, na juya feda shiru ba ƙara. Sai na tura direlar da babban yatsa ciki iya ƙarfina ina juya feda, sarƙa ta hau mai 28, na riƙa ɗaure L kaɗan kaɗan har ya zama duk turin da zan yi ba ta wuce ƙarƙashin babban faifan ba. Gara a gwada da yatsa don yatsa ya fi liba mugunta, in ta tsira daga shi ta tsira. Wani abu kuma, kan sukurun nan na Japan ne, ya yi kama da sita amma ba daidai yake da sukudireba sita da muka saba ba, tana zamewa tana cinye kan, na riga na ɗan ci na L a daren farko, sai na koma amfani da mai faɗin baki tunda akwai tsaga a kan. Akwai na uku a can sama inda direla ta haɗu da kunne, shi ake ce wa B, da na hau babban faifai na ji gur-gur ɗan wilin sama yana taɓa haƙora, na ɗaure shi har aka samu tazarar kamar milimita 5 ƙarar ta ɗauke.

Libar dama tana da wani ɗan zobe a gefe da ake ɗagawa a murɗa, gefe ɗaya SIS gefe ɗaya kuma ja zalla ba ƙas. Injiniyoyin lokacin kamar sun san za a yi irin wannan rana. Na murɗa shi zuwa ja zalla, na ɗaura waya na ja ta da filaya ba da ƙarfi ba na ɗaure notinta, na juya feda, ɗaya biyu har bakwai duk suka shiga, ka ja ka ji ta hau ka ɗan gyara hannu surutu ya mutu. Liba mara ƙas ba ruwanta da tazara, ko SunTour ka sa mata ko me.

Gaba ban daɗe a kai ba. Fayafayai biyu ne 52 da 42, kejin ya yi sama da yawa kuma wutsiyarsa ta karkace, na sassauta abin da ya ɗaure shi a bututu na sauke shi har tsakaninsa da haƙoran babban ya zama kamar milimita 2, na miƙe shi ya yi layi da faifan, L na saita sarƙa tana ƙaramin gaba da babban baya, H tana babban gaba da ƙaramin baya, kowanne na bar ɗan sarari kamar milimita ɗaya. Shikenan, ita da ma libar hagu ba ta da ƙas tun asali.

Kawu ya hau ya zagaya ya dawo ya ce ya yi shiru kam amma ina ƙas-ƙas ɗina? Na yi masa bayanin shida da bakwai, ya ce to ai tsohon wilin yana nan ban yar ba. Aka tono shi, rim a lotse amma firiwil ɗin asali mai shida yana jiki, kuma an yi sa'a ba a yanke sifok ba, don in aka yanke su ba abin da za ka riƙe ka murɗe firiwil, shekara da shekaru feda tana ƙara ɗaure shi. Na sa maballi mai tsaga 12 na kama da babbar sufana na taka da ƙafa sannan ya saki da wata ƙara kamar an karya ice. Na wanke shi na shafa giris a zare na ɗaura a sabon wili, na sake saita H da L tunda faɗin ya canja, na mayar da zobe kan SIS. Saitin notin waya kuwa ƙa'idarsa ɗaya ce, ka sa a ƙarami ka yi ƙas ɗaya, in sarƙa ta yi nawar hawa na biyu ka riƙa kwance noti kwatan zagaye bayan kwatan zagaye har ta hau, in saukowa take wa nawa ka ɗaure. Zagaye ɗaya da kwata ya ci, daga nan ƙas ɗas, ƙas ɗas, har shida, sama da ƙasa, wallahi sai da na yi ta yi don daɗi.

A rataye kenan. Da na hau na miƙe tsaye na taka da ƙarfi a faifai na uku sai ji na yi gau, feda ta zube gaba kamar an janye min ƙasa, na huɗu ma haka. Wannan tsallen daban yake da na farko, can sarƙa ce ke neman barin faifai zuwa wani, nan kuwa tana kan faifanta take tsallake haƙora, kuma sai an danna da ƙarfi. Na duba da fitila, haƙoran biyun nan sun cinye ta gefe ɗaya sun yi ƙugiya, su ne giyar da kawu ya fi zama a kai tun yana saurayi, sun saba da tsohuwar sarƙa da ta miƙe, sabuwa ba ta zama a cikinsu. Sauran huɗun garau suke amma ba yadda za ka ce wa mutum kar ya taka na uku da na huɗu.

Na mayar da mai bakwai na sake saita katanga na murɗa zobe zuwa ja zalla, na ce kawu ga zaɓi, ko a nemo sabon firiwil mai shida irin tazarar Shimano, har yanzu ana yin su, ƙas-ƙas ɗinka ya dawo, ko a nemo liba mai bakwai, ko ka zauna a haka. Ya ce bari ya gwada sati ɗaya. Tsohon mai shidan babbansa haƙora 24 ne, wannan kuwa 28, kuma akwai wani hawa da yake bi kullum da yanzu yake haye shi a zaune. Sati uku kenan bai ƙara tada maganar ƙas-ƙas ba, jiya ma da na je na tarar ya ɗaure ɗan zoben libar da kansa wai ta fara saki tana zamewa zuwa ƙaramin faifai in ya taka da ƙarfi. Sifok ukun da na kankare kuma suna nan, na sa musu alama da jan fenti ina dubawa duk zuwa, ɗaya na ga kamar ya fara tsagewa daga wajen gwiwarsa, shi zan canja ranar Asabar, kuma dole sai na sake cire firiwil ɗin kafin in kai gare shi.